Ranar da Jar Tawada Ta Toshe

Ina da ɗan shago kusa da tashar mota a Jega, inda nake buga wa mutane takardu da hotuna. Firinta biyu gare ni, duk na talaka. Ta farko ƙarama ce, mai katiriji. Ranar da na saye ta har dariya na yi wa mai kantin a zuciyata, ina ganin na cuce shi, ashe ni aka cuta. Aikinta kam ba a magana, hoto yakan fito tas, amma katirijin ba ya jimawa, kuma kafin ka ankara abin da ka kashe wa tawada ya wuce kuɗin firintar. Sayen doki ba wuya, ciyar da shi ne aiki. Shi ya sa na ƙara da ta biyu, mai tanki a gefe, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Ita tawadarta araha ce, sai ka buga har ka gaji. Cutarta ɗaya, ba ta son zaman banza. Idan ka bar ta a zafin bazara ba aiki, tawadar sai ta bushe a ƙananan ƙofofin da take fitowa, ta toshe su.

A bazarar da nake ba da labari, na rufe shago na tafi Aliero taya yayana cire albasa da jera ta a rudu, gadon karan da ake ajiye ta a kai. Na daɗe can fiye da yadda na yi niyya. Na dawo na buɗe shago da safiyar ranar kasuwa, ko ƙura ban gama kakkaɓewa ba sai ga taubashina a bakin ƙofa.

Mahaifiyata Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Mungadi, shi kuma ɗan wanta ne. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya. Yakan shigo yana kirana Kaɗo mai warin albasa, ni kuma in tambaye shi ko yau ya yi wanka ko sai damina. Ran nan sallama kawai ya yi, ya tsaya riƙe da sandarsa, leɓɓansa sun bushe fari. Nan take gabana ya faɗi.

Na ce, "Wa yar rasu?"

Ya ce, "Ba kowa. Karsanar Baffa ta anka ɗauke."

Da ya ce mutum ne ya rasu, ina jin da na fi sanin abin da zan ce masa. Shekarun baya ciwon huhu ya shiga garkensa ya share shi kusan kakaf. Sai wani tsoho, aminin mahaifinsa, wanda duk muke kira Baffa, ya ɗaura masa karsana ta habbanaye. Al'ada ce ta Fulani. Za a ba ka saniya ka riƙe har ta haifa maka 'yan maruƙa, 'ya'yan naka ne ka tayar da garke da su, uwar kuma ka mayar wa mai ita lafiya lau. Ba a rubuta komai, ba a kiran shaidu, mutuncinka ne kawai jingina. Karsanar ja ce, mai farin tabo a goshi, kuma cikinta na fari ya tsufa.

Ya ce an kwance ta daga turke shekaranjiya, ya bi sawu har ya ɓace a bakin kwalta. Da asubar nan wani direba ya gaya masa ya ga irinta an shigo da ita kara, kasuwar shanun Jega, kuma yau ake lodin shanu zuwa Kudu. Ya je wurin babban dillali, dattijon ya ce ba zai taɓa dabbar da aka riga aka saya ba sai da shaida a hannu. Ban ga laifinsa ba. A wannan zamani, mutum ya tsaya tsakiyar kara ya nuna saniya ya ce ta sata ce, kafin a gama bincike wani ya kwanta a ƙasa, ko wanda aka nuna ko mai nunawar.

Akwai hotonta a wayarsa, amma fuskar wayar ta fashe ta yi baƙi. Na zare memori na sa a kwamfuta. Ga ta nan a bakin rijiya, ja jawur, ta juyo tana kallon mai ɗauka. Na ce masa ya kwantar da hankali, aikin ƙiftawar ido ne. Babu wuta, na tayar da janareto, na sa takarda mai sheƙi a firinta mai tanki.

Takardar ta fito a hankali, ni da shi mun zuba mata ido. Saniya ce dai, da ƙaho da tozo, amma kore shar kamar ganyen albasa. Jan ya toshe, shuɗi da rawaya kaɗai suka fito.

Ya ce, "Mi na wannan?"

Na ce, "Ja na yat toshe. Bari in wanke mata kai."

Firintar tana da dabarar wanke kanta, ta zuƙo tawada da ƙarfi ta tura ta cikin ƙofofin. Abin yana cin lokaci, yana cin tawada, kuma ba ka da abin yi sai kallo. Tana ta gurnani, ni kuma na juya kan ƙaramar. Katirijinta na kala ya ƙare tun kafin in tafi albasa. Na taɓa gwada yi masa ɗuri da sirinji don in huce tsada, ya yi ta yoyo har na jefar. Baƙin ne kawai ya rage. Na buga hoton baƙi da fari, ya fito fes, har gashin wutsiyarta ana gani. Na miƙa masa na ce mu tafi.

Ya duba, ya ajiye a kan tebur. "Wagga baƙa ta. Tawa ja ta."

"Kowa ya san hoton baƙi da hwari na! Ga ƙaho, ga tabon goshi, mi kaka so kuma?"

"In na kai takarda tac ce baƙa, ni kau nic ce ja, wa za a yarda da shi? Cewa za su yi Bahillace ya zaka da hoton wata shina son ɗaukar wata."

Raina ya ɓaci. Ni mutum ne mai saurin hawa, na sani. Na ce masa taurin kai ne zai kashe shi, tun kakanninsa haka suke, saniya na shirin hawa mota shi yana gardamar launi kamar mai zaɓen atamfar biki. Bai rama ba. Rashin ramawar nan ya fi komai tayar mini da hankali. A wurinsa saniya launinta ne sunanta, tun yana yaro da launi aka koya masa kiran kowace. Kuma tsoro yake ji na gaske, ya san abin da taro ke yi wa wanda aka ce ɓarawon shanu ne.

Na kira wani abokin sana'ata a Aliero, wanda firintarsa ta fi nawa girma, na ce ko mu taho. Ya yi dariyar takaici, ya ce shi ma jiya ya fito daga gonar albasa, tasa baƙi ma ba ta fitarwa. Na kashe wayar ban ko yi masa sallama ba.

Bugu na biyu bayan wankin, saniyar ta tashi daga kore ta koma ruwan toka. Na sake sa wanki, na sake bugawa, ba wani bambanci. Ina kallon tawadar sauran launukan tana sauka a tanki a banza, jan kuwa ko gezau. Hantsi ya ɗaga, shagon ya ɗauki zafi, kwano na ƙara a bisa. Shagona a bakin hanya yake, duk babbar motar da ta wuce sai ƙasa ta girgiza. Kowace ta taso sai taubashina ya fita da sauri ya leƙa ko ta shanu ce, ya dawo ya tsaya inda yake, ko a kujera ya ƙi zama.

Na ga wankin na'ura ba zai yi ba. Na karɓo ruwan ɗumi wurin mai shayin da ke maƙwabtaka da ni, na buɗe firintar, na cire bututun jan, na sa sirinji ina tura ruwan a hankali. Idan ka matsa da ƙarfi ka fasa kan, shi ke nan firinta ta mutu. Idan ka yi sanyi kuma busasshiyar tawadar ba za ta narke ba. Gumi na zuba cikin idona, ba hannun sharewa. Janareto ya soma tari, na ce masa ya girgiza shi man ya gangaro. Can sai na ji sirinjin ya saki, tsumman da na shimfiɗa a ƙasa ya yi ja. Yatsuna duk suka rine kamar na mahauci.

Wannan karon ta fito ja, amma da fararen layuka a kwance daga sama har ƙasa, ɗaya kuma ya bi ta kan goshinta daidai inda tabon yake.

Na ce, "To ga ja. Tashi mu tahi, don girman Allah."

Ya kai takardar kusa da ido. "Za su ce hwarin goshin na inji na. Ƙara guda."

Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga idonsa ya ciko. Na haɗiye maganar, na sake sa wanki. Muna tsaye a kanta aka kira azahar. Bugun da ya biyo baya ya fito yadda ake so, jan nan mai duhu a wuya, mai haske a ciki, tabon goshi fari tas. Bai jira ta bushe ba, ya riƙe ta da gefe-gefe. Na tura sauran takardun a aljihu, na ja ƙofa, muka hau babur.

Kara ta cika maƙil, ga kukan shanu ga ihun masu lodi. Muka kutsa har rumfar babban dillalin. Ya karɓi hoton, kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Innalillahi. Na gan ta. Mai ciki."

Taubashina ya ce, "Tana ina?"

"Ta hau mota. Sun tashi ana gab da kiran salla."

Ya ce wani baƙo ne ya kawo ta, ya sayar da gaggawa ya ɓace. Ina ciro hankici in share fuska, sai takardun aljihuna suka zubo. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki mai baƙi da farin, ya duba, ya girgiza kai.

"Ai ko wagga kunka kawo da sahe da na tsai da lodi. Ƙahon hagun nan da yas sunkuya, ba ta da ta biyu cikin kara yau."

Ban kalli taubashina ba, ba zan iya ba. Ba na son ya ga ko alamar "na gaya maka" a fuskata, don wallahi ba ita ce a raina ba. Tausayinsa ne ya kama ni.

Dillalin ya yi ta kiran wayar direban, a kashe. Muka bi hanyar Kudu a guje, shi a baya yana riƙe da hoton cikin riga. Duk motar shanun da muka hango sai in matse babur mu kamo ta, shi ya miƙe yana leƙen tsakanin katako. A Maiyama muka tsaya muka tambayi masu sayar da mai a bakin hanya. Suka ce motocin shanu sun wuce tun ɗazu, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma ba wadda ta tsaya. Sai taubashina ya ce in juya, mu je wurin Baffa.

Mun same shi da la'asar a gindin bishiya, yana tufkar igiya. Taubashina ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya faru bai rage komai ba. Ya ce zai sayar da abin da ya mallaka ya biya. Tsohon bai daina tufka ba sai da ya kai ƙarshen igiyar.

Ya ce, "Habbanaye ba bashi ba na. Wanda yab ba ni ita shi yak karɓe. Kak ka sake yi min zancen biya."

Da Baffa ya yi faɗa, da taubashina ya samu abin riƙewa. Sai kawai ya kifa kai a gwiwa, ƙato da shi, kafaɗunsa na rawa. Baffa ya ga takardar da ta leƙo daga rigarsa, ya miƙa hannu. Ya daɗe yana kallonta, ya shafa goshin da babban yatsa. Ya ce kakarta ma haka take, ita ce saniyar da mahaifinsa ya fara ba shi, kuma wannan ce ta ƙarshe a jininta. Ya tambaya ko za a bar masa hoton.

Ba a sake jin labarin karsanar ba. Da shekara ta zagayo na je rugar gaisuwa, na tarar da hoton soke a jikin zanan bukkarsa. Tawadar kwalba ba ta jure rana, jan ya koɗe, saniyar ta koma fara-fara. Baffa ya ce, "Ɗana, tana ɓacewa." Na koma Jega na sayi sabon katirijin kala, tsadarsa ba ta dame ni ba, na buga masa wani a ƙaramar firintar, na sa a leda.

Yanzu ko ina Aliero wurin albasa, nakan dawo in buɗe shago in buga jar takarda guda don kada ta sake toshewa. Taubashina yana zuwa ranar kasuwa, ya zauna, mu gaisa, mu sha shayi. Ina ta jira ya kira ni Kaɗo mai warin albasa, har yau bai kira ba.