Malama Jemima da Dutsen Gonarmu

Ranar Talata, 11 ga Maris 2025, muna cikin azumi, labari ya iso mana Kagara cewa Allah Ya yi wa Malama Jemima Rufus rasuwa a Goronyo, garin da ta baro Zuru ta zo ta tsufa a cikinsa tana karantar da kimiyya.

Malama, ni ce Adawiyya, ɗalibarki mai surutu. Na yi kuka, amma wallahi yau alfahari ya fi kukan yawa.

Ba na mance ranar da kinka shigo aji da gawayin murhu, kinka ce asalinsa ɗaya da daimon, duka kabon ne. Munka fashe da dariya. Kinka ce daimon a can ƙarƙashin ƙasa yake samuwa, nisan da ya wuce daga nan zuwa Sakkwato, inda zafi da nauyin duwatsu ke matse kabon har kowace ƙwayarsa ta riƙe wasu ƙwayoyi huɗu gam, sai aman wuta ya turo shi sama.

Waccan shekarar ce babana Iliyasu ya tono wasu duwatsu masu walƙiya wurin ginar rijiyar ban-ruwa. Gari ya ɗauka: daimon! Ya tara maginan da za su birkice gonar, alhali albasa ta kama, kuma ita ce cinmu na shekara. Innata Habi ta yi magana har ta gaji. Ni kuwa na sheƙa makaranta in kira ki.

Kinka zo bisa kabu-kabu, kinka durƙusa kinka gaishe shi, sannan kinka fiddo ɗan abin yanka gilashi, mai ƙwayar daimon a bakinsa.

Yac ce, "Malama, mi za ki yi da wanga abu?"

Kinka ce, "Baba, in dutsenka daimon ne, wannan ba zai yanke shi kamar gilashi ba. Ja da hannunka."

Ya ja. Ƙiii! Sai ga zane fari tas a jikin dutsen. Ya jima yana kallo, sannan yac ce wa magina su ajiye diga su taya shi ban-ruwa. Ba ki bari kowa ya yi mai dariya ba. Har magina kinka zaunar, kinka yi musu karatun gawayi a bakin rijiya.

Gonar tana nan, Malama. Ita ta kai ni jami'a, yau ni ke shiga ajinki da gawayi a hannu. Wannan makon anka cire albasa, kuma Baba, da tsufansa, shi da kansa ya ɗaure buhun farko bisa motar da ta bi gawarki zuwa Zuru. Yac ce rabonki ne, ba a hana ki.

Allah Ya jiƙan rai, Ya ba ki hutu. Maigidanki Malam Rufus, da 'ya'yanki Rose da Sam, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayanta. Amin.