Yau na kashe mota a ƙofar gidan Inna

"Yau ma a tsaye za ka gaishe ni?" Da wannan Inna ta tarbe ni ɗazu a Kurawa.

Tun damina kik ɗin motata ya lalace, in na kashe ta ba ta tashi sai da turi. Ƙofar gidanmu kuwa rairayi ne, mota ba ta turuwa. Shi ya sa in na biyo daga Sabon Birni, tana kunne nake gaida Inna in wuce. Ita ta ɗauka zama da ita ne ba ni so.

Jiya wani bakanike a garin Isa ya murɗa makulli, ya ji "ƙas, ƙas", ga fitilu tar. Ya ce batir lafiya lau, burushin kik ne ya cinye. Ya kwance, ya sauya, ya ɗaure.

Shi ya sa yau na ce, "Inna, a shimfiɗo tabarma, za ni zauna." Na kashe mota.

Ta saurari shirun, ta ce, "To, yau kam ka zo."

Na sha fura na ƙoshi. Da na tashi tafiya, murɗawa ɗaya ta tashi.

Ku fa, yaushe rabonku da zama gaban mahaifiya ba kuna duban hanya ba?