Muryar Iya a Falon Gwadabe

Ranar da na fara shiga sabon falon Gwadabe, a kan kujera na ƙare, na tattare babbar riga har ƙugu. Ina zama ne na ji ruwa yana gudana ta bayan labule, ga kukan kwaɗi ta hagu, ga wani abu kamar jirgin kwalekwale yana gogar ciyawa. Wanda ya girma a Haɗeja ba ya tsayawa tambaya in ya ji ruwa a ɗaki. Sai da Kulu matarsa ta leƙo da kofin kunu ta ce, "Malam Sunusi, sauko, sifika ce." Na sauko kamar dama can na hau ne in duba silin.

Gwadabe ɗan Guri ne, gidan masunta, amma tun yana yaro kifi bai dame shi ba, kunne Allah Ya ba shi. Ya sayar da kaset a kasuwa har kaset ya mutu a hannunsa. Ya koma tura wa matasa waƙoƙi a memori, ya yi ta yi yana tsaki, har ya bari. Ya ce waƙar da aka matse don ta shiga waya banda ce: kifi ne dai, amma an ƙone masa rai. Shi ɗanye yake so. Yanzu gyaran rediyo yake yi da rana, da yamma kuma ya juya tsofaffin kasakasai zuwa wani irin fayil da ake kira filak, wanda ba a zubar da komai a cikinsa, waƙa ɗaya ta ci wurin ashirin. Kwamfutarsa tana uwarɗaka tana jan wutar sola, waƙa ta biyo iska zuwa wani ɗan akwati a falo, akwatin ya miƙa wa sifiku. In za a saurara, fanka a kashe take, firji ma haka. Kulu ta ce a gidan nan ruwan sanyi sai waƙa ta ƙare.

Akwai kaset ɗaya da bai taɓa sa wa kowa ba. Kawunsa Mala ne ya dawo daga Makka da rikoda, ya ɗauki mahaifiyar Gwadabe tana waƙar daka. Ba ta daɗe ba ta rasu, Gwadabe bai isa shiga makaranta ba. Fuskarta yana ɗan tunawa, murya kuwa babu. Kaset ɗin ya sha ambaliya a Guri, ya yi funfuna, zarensa yana barin ƙura a yatsa. Gwadabe ya ce sau ɗaya kaset ɗin zai jure juyi. Ya goge shi da auduga, ya yi bisimilla, ya juye shi cikin kwamfuta, zaren ya tsinke daf da ƙarshe.

Da ya kunna, ina wurin. Wata 'yar murya ce ta fito, siririya, tana gudu, taɓarya kuma tana sauka kamar ana korar mai dakan.

Na ce, "Ashe Iya akwai zafin nama."

Bai yi dariya ba. Ya ce batirin rikodar Kawu Mala ne ya yi sanyi ranar ɗauka, zare ya tafi a hankali, yanzu da aka ja shi daidai sai murya ta tsuke. Rage gudun abu ne mai sauƙi a kwamfuta. Amma a rage zuwa ina? Shi bai san muryar ba. Mutum ɗaya ya rage da ya sani, yayarsa Yakaka, ita kuma kunnenta ɗaya ya riga ya yi ritaya.

Aka ɗauko ta daga Guri ranar Lahadi. Ta shigo ta dubi sifikun ta ce, "Waɗannan rumbunan fa?"

"Yaya, zauna nan tsakiya, nan sauti yake haɗuwa."

"Ni da kunne ɗaya me zai haɗu?" Ta ja tabarma ta manna kunnen kirkin a jikin sifika, abin da ko Kulu ba ta isa ta yi ba.

Gwadabe ya kunna. Yakaka ta ce, "Wannan 'yar waye?" Ya rage. Ta ce, "Ta girma, amma ba ta yi aure ba." Ya ƙara ragewa da yawa, ta ce, "Kai, ka mai da min uwa Kawu Mala." Ya ɗan ɗaga. Ni ina ta danne dariya har cikina ya ƙulle, shi kuwa gumi yake, ga fanka a kashe.

Can sai hannun Yakaka ya fara bin taɓarya a kan cinya, sama, ƙasa, daidai yadda mace take daka in ba sauri take ba. Muryar ta zauna, mai ɗan kauri, da 'yar shaƙewa a ƙarshen kowane baiti. A bayanta ana jin kaza, ana jin wani yaro yana rigima.

"Bar shi nan," in ji Yakaka. "Ita ce. Mai kukan nan kuma kai ne, tuwo kake nema."

Gwadabe ya adana fayil ɗin wuri uku, ya zauna ƙasa kusa da yayarsa, aka sake ji daga farko. Ni shirun ya yi min yawa, bakina kuma ba ya son zaman banza. Na zaro waya na ce, "Gwadabe, ɗan matse min ita ka turo, in riƙa ji a kan babur."

Ya dube ni ya ce, "Sunusi, uwata ba ta hawa babur da ƙato. Mai son jin ta ya zo gida, ya yi sallama, ya cire takalmi."