Injektar Motar Baffana a Ɗakin Mahaifiyata

Shekarun baya, tun kafin a ba mu mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke tashe a Kano, na yi tuƙin wata babbar mota mai bodin katako. Ta baffana ce, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe mu a gidanmu na Mandawari bayan rasuwar mahaifina. A hannun wani kamfanin sayen gyaɗa ya saye ta, bayan sun gama shanye mata romo. Man gas take sha, a zamanin da yawancin motoci fetur suke sha, ni kuwa ina ji da ita kamar ni na ƙera ta. Kafin zuwanta aikina zaman rumfar baffa ne a kasuwar Kurmi, ina auna yadi ina hamma. Allah ya sani na tsani zaman nan.

Aibinta ɗaya, ba ta da ƙarfin hawa. A kan hanyar ƙauyen da muke ɗauko gyaɗa akwai wani rafi mai gangare, in ka sauka sai ka hau gaɓar da ke can ƙetare. Duk ranar da na zo da cikakken lodi, a tsakiyar gaɓar nan take yin tari ta tsaya. Sai a sa mata weji a tokare tayoyinta, a sauke rabin buhunan, mutanen ƙauye su haura da su a ka. Abin har ya zame musu sana'a. Da sun jiyo ƙugina sai su fito da gammo suna dariya, suna cewa ga tsohuwa nan ta iso.

Da labari ya ishi baffa, sai ya kira ni soro bayan sallar la'asar.

"Kai yaro, ni na sayi mota don ta ɗauki kaya, ban saye ta don a ɗauke ta ba. Akwai mai injin niƙa a Gwale da ke son injinta. Lodi na gaba da ni za a je. In ta haura da kayanta, ta zauna. In ta tsaya, ka koma rumfa."

Na ce to.

Na sha jin direbobi a tasha suna cewa ƙarfin irin wannan mota yana cikin injekta, wato famfon da ke tura mai cikin inji, kuma wai akwai wani ɗan noti da Turawa suka ɗaure da waya suka like da dalma don kada mu san daɗinta. Ban yi shawara da kowa ba na tsinke wayar na murɗa notin son raina. Da na tayar da ita sai ta turnuƙe unguwa da baƙin hayaƙi, har wani mai wanki da ya shanya fararen riguna ya biyo ni da baki. Ƙarfi kuwa ko na anini bai ƙaru ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Dole na nufi Gwammaja wurin wani abokina. Ya girme ni sosai, tsohon soja ne da ya koyi aikin inji a yaƙi, ya dawo ya kafa garejinsa a gindin wata tsamiya. Ya saurari injin, ya kalli hayaƙin, ya kalle ni.

"Direba, ka ƙara wa mai ciwon haƙori nama ke nan. Nozulolinta masu fesa mai cikin inji ɗigo suke yi, ba feshi ba. Bakin famfon shida ne, kowanne da abin da yake bayarwa, wani da yawa wani kaɗan. Sai an buɗe an wanke an daidaita su, sannan a ƙara mata mai kaɗan, a matso da lokacin da famfon ke tura man gaba. In an yi haka za ta ba ka mamaki."

Na ce to a buɗe mana.

"A nan? Dubi awakin nan, dubi ƙasa. Ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga cikin famfon nan, ya tashi aiki. A soja ɗaki guda ake ware masa, ko takalmi ba a shiga da shi. Ka samo min wurin da ya fi ko'ina tsabta."

Na yi ta tunani, na zaga birni a zuci, ban ga wurin da ya kai ɗakin mahaifiyata ba. Daɓen ɗakin nan yana sheƙi, kwanukan jerenta kana ganin fuskarka a jikinsu, ƙuda ma sai ya yi sallama. Sai dai gidanmu ba a shiga. Baligin da ba muharrami ba iyakarsa soro, kuma abokina da kansa ya ce ko an ce ya shiga ba zai keta wannan ba.

Ga wata kuma. Mahaifiyata ba ta taɓa cewa uffan a kan tuƙina ba. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, sai dai "kai wannan". A zamanin kuwa ana yi wa direba kallon ɗan iska, don haka na ɗauka shirun nata ƙi ne. Na durƙusa bakin ƙofarta na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Tana tuyar ƙuli-ƙuli, sana'arta ke nan, ita da man gyaɗa. Ba ta ɗago ba.

"Ƙarfen mota a ɗakina?"

"Na yini ɗaya ne, Inna. In ba haka ba baffa zai sayar da ita."

Ta juya ƙulinta, ta tsame, ta sake zuba wani. Har na fara miƙewa.

"Ka wanke ƙafarka kafin ka shigo da shi."

Washegari da hantsi, bayan baffa ya tafi kasuwa, muka kwance famfon muka wanke bayansa tas. Abokina ya zauna a soro da shayinsa, ni na shige da shi ciki na ɗora a kan babban faranti. Tsarin shi ne ya faɗa min abin da zan yi, in je in yi, in dawo in ba shi labari. Haka na zama ɗan aike tsakanin soro da ɗaki, ina sassarfa ina maimaita karatu a baki don kada ya zube a hanya.

A cikin famfon akwai wasu 'yan sanduna shida masu santsi, kowanne da gidansa, kuma abokina ya ja kunnena cewa in na kuskura na sa wani a gidan wani, shi ke nan. Na zaro na farko, ya suɓuce ya gangara. Allah ya sa a kan faranti ya tsaya. Mahaifiyata tana zaune bakin gado tana kallona.

"Kai wannan, matsa. Hannunka kamar na mai faskare."

Ta tashi ta sauko da langa shida daga cikin jerenta, kwanukan da ko baƙo ba a zuba wa abinci a ciki. Ta jera su, ta sa na tsiyaya man gas a kowanne, ta ce kowane sanda da gidansa su zauna a kwano guda. Ta naɗe hannun riga ta fara wankewa. Da ta ɗauko wani farin ƙyalle za ta goge, na ruga soro na tambaya. Abokina ya zabura har shayi ya zube.

"A'a! Ka ce wa Inna kada ƙyalle ya taɓa shi, zare zai maƙale. Da mai za a ɗauraye, a mayar da shi da jiƙonsa."

Na dawo na faɗa. Ta ce, "Ka ce masa ya yi gaskiya." Daga nan na lura sun fara fahimtar juna, ni ne dai a tsakiya nake haki.

Da aka zo daidaitawa, abokina ya ce a nemo kwalabe shida masu girma ɗaya, a sa kowane baki ya zuba a tasa, ni in riƙa juya famfon da hannu, a ga wanne ya fi wanne. Mahaifiyata ta fito da ƙananan kwalaben da take auna man gyaɗa. Na yi ta juyi har kafaɗata ta ƙage. Na duba na ce ai duk daidai suke. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta fuskar hasken ƙofa.

"Ta biyu ta yi rowa, ta biyar ta yi almubazzaranci. In na sayar wa mutane mai haka, ai sai su daina aiko min."

Muka sassauta, muka matsar, muka sake juyi, ta sake dubawa. Ban san sau nawa muka yi ba. A ƙarshe ta gaji da aikena, ta yafa mayafi ta zo ta tsaya bayan katangar soro, inda ba ya ganinta ba ta ganinsa.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Yanzu sun yi kai ɗaya. In za a ƙara, nawa za a ƙara?"

"Sannunmu, Inna. Kaɗan dai, kamar gyara ga mai saye."

"To na gane."

Shi kuma a soro ya goge nozulolin ya gyara su har suka koma feshi. Da yamma muka mayar da komai, ya matso da lokacin kaɗan, ya ɗaure notin nan da sabuwar waya, ya ce in na sake taɓa shi zai karya min yatsa. Da ta tashi, muryarta ta sauya, hayaƙin ya koma siriri. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Sai a rafi za a sani.

Ranar lodi baffa ya zauna kusa da ni yana jan carbinsa tun daga ƙauye. Muna gangarawa na hango mutanena a gaɓa, kowa da gammonsa, har wani yana ɗaga min hannu. Na riƙe sitiyari da kyau. Na yi bismilla, na sa giya ta ɗaya, na taka. Ta kama hawa tana gurnani. Muka iso daidai inda ta saba tari, na ji ta ɗan nauyaya, na ce shi ke nan, ga rumfa ga yadi. Sai ta ƙara murya ta ci gaba, taku bayan taku, har ƙafafun baya suka dire a kan tudu. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Masu gammo suka bi mu da kallo, wani ya jefar da nasa yana dariya.

Baffa, wanda da ma ya ji cewa abokina ya taɓa motar, ya mayar da carbi aljihu.

"Sojan nan ya iya aiki."

Na ce, "Da shi da Inna ne, Baffa." Na kwashe labari na ba shi, ina jiran faɗa. Sai da muka yi nisa sannan ya fashe da dariyar da ban taɓa jin ya yi ba.

"Ashe da makanike nake zaune a gida! To mai niƙa ya nemi injinsa a gaba."

Na yi shekaru ina tuƙa motar nan, daga ita na samu tawa, daga tawa na yi iyali. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga motar baffan ba, ko ganinta ba ta taɓa yi ba, don a bakin titi nake ajiye ta, lungunmu ba ya cin mota. Abin da na koya shi ne kada ka yi saurin fassara shirun mutum, musamman wanda kunya ta ɗaure wa baki. Na daɗe ina zaton ni kaɗai nake son abin da nake so, alhali akwai mai taya ni a bayan katanga.

Yadda na tabbatar kuwa, wata safiya ce bayan damina na shiga gaishe ta kafin in fita, na riga na tayar da mota tana ɗumi. Ta ce, "Kai wannan, muryarta yau ba daidai ba. Akwai ɗaya da ke makara." Na kai wa abokina, ya duba, nozul guda ya toshe. Da na dawo na kasa haƙuri.

"Inna, wai daga ɗaki kike jin ta?"

Ta ci gaba da tace manta, ba ta kalle ni ba.

"Tun ranar da ka fara fita da ita nake jin ta, fitarka da dawowarka. Da can ban san abin da take cewa ba ne."

Yau na tsufa, idona ma bai ga titi sosai, amma ko yanzu in tsohuwar mota mai gas ta wuce, sai in tsinci kaina na yi shiru ina saurare, ina jin daɗi a raina.