Duna, Keken Kawu Habu

Ku da kuka san Kawu Habu, kun san kafin sallamarsa ta iso, ƙararrawarsa ta riga ta shigowa. Kirrin! Kirrin! a ƙofar zaure, sannan ki ji, "Uwata, fito, ga jikanki yana jin yunwa!" Uwar ni ce, Binta, 'yar ƙanwarsa, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Jikan kuwa keke ne. Keken lantarki baƙi wuluk, mai tayoyi masu kauri da manyan haƙora, irin wanda aka ƙera don hawa duwatsu, sai ga shi Allah ya jefo shi cikin yashinmu. Kawu ya raɗa masa suna Duna.

Yunwar kuma ta caji ce. Duk ƙauyenmu, nan tsakanin Daura da Sandamu, ni ce mai sola mai ƙarfi, saboda firizar da nake sayar da ƙanƙara da zoɓo. Kawu zai shigo kai tsaye, ya zare firizata daga soket, ya jona Duna, ya shimfiɗa tabarma ya zauna gadi. Ni kuwa kun san ni, ba na haɗiye magana.

"Haba Kawu! Ƙanƙarata fa za ta narke!"

"In ta narke me za ta zama?"

"Ruwa mana!"

"To da can mece ce? Kin ga ba ki yi asarar komai ba."

Wallahi har kuka na taɓa yi don haushi, shi kuwa yana zaune yana gyara hula.

Duk Nasiru ne ya ja mini, taubashina mai babban kai, ɗan Kawu da ke aiki a Kaduna. Nasiru, ina ganinka, kada ka sunkuyar da kai! Lokacin da gwiwoyin Kawu suka fara ciwo, tsohon kekensa ya gagare shi, Nasiru ya zo ya ce gona ta ƙare, a tattara a koma Kaduna. Kawu ya ce gawarsa ma ba za ta je ba. Aka yi ta ja har aka sasanta: Nasiru zai kawo keken da ke taimakon ƙafa, amma da sharaɗi. Ya ce, "Baba, duk ranar da aka ɗauko ka daga gona, ranar za ka bi ni." Kawu ya ce ya yarda. Tun daga ranar ba abin da yake tsoro a duniya kamar a ɗauke shi, don ya san ɗaukar nan ita za ta raba shi da gonarsa da zaurensa da masallacin unguwa.

Kai, jama'a, ranar da Duna ya fara fita! Ranar kasuwar Sandamu ce, kuma kun san wurin nan da yashi ke cin tayar babur. 'Yan acaɓa sun sauke fasinja suna turi, gumi sharkaf. Sai ga Kawu a baya, babbar riga a tattare a kafaɗa, gemu yana kaɗawa, yana taka feda a hankali kamar mai tankaɗen gari, keke kuwa yana ta tafiya fiiii, ba ƙara ba hayaƙi. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga hannu.

"Sannunku da tsayuwa, samari! A gaida gida!"

Wani ya ƙwala masa kira, "Baba, ina injin?"

Kawu bai ko waiwaya ba ya ce, "Tambayi naka, shi ne mai surutu!"

Da ya dawo sai da ya ba ni labarin nan har ya ishe ni, kowane zagaye 'yan acaɓar suna ƙaruwa. Ranar na ga Kawu yana dariya har da hawaye, kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa.

Sai dai Kawu bai taɓa yarda Duna ƙarfe ne ba. Kiwonsa yake yi. Ya kafa masa turke a inuwar darbejiya. Da safe zai bi tayoyin da tsinke yana cire ƙaya, yana ce masa sannu. Ranar da ruwan sama ya kama su a hanya, rigarsa ya tuɓe ya lulluɓe batir, shi ya shigo gari da singileti yana rawar ɗari, wai mai lantarki ba ya son sanyi.

To, sai birkin Duna ya fara kuka. Ƙiii! duk sanda Kawu ya matsa shi. Birkin nan faifai ne na ƙarfe a tsakiyar taya, ba irin na tsofaffin kekunanmu ba. Kawu ya ce ai duk abin da ke kuka bushewa ce ta dame shi, haka ya saba yi wa ƙyauren ɗaki da amalanke. Ya shigo madafata ba na nan, ya ɗebi man gyaɗata, sabon matsa, ya shafe faifan gaba da na baya har suna sheƙi. Ya hau ya nufi gona. Kun san gangaren nan na bayan makarantar firamare? Nan ya matsa birki, birki ya ce ban san ka ba. Waɗanda suka gani sun ce salatinsa kawai suke ji yana wucewa, har Allah ya haɗa shi da tarin harawar wani bawan Allah, ya nutse ciki, ƙafafu kaɗai a waje.

Mutane suka rugo za su ciro shi. Sai murya ta fito daga cikin harawa:

"Kada wanda ya taɓa ni! Da kaina zan fito! Ku zama shaida ba a ɗauke ni ba!"

Ya fito da rarrafe, ganyen wake har cikin kunne. Washegari ya tura Duna Daura wurin Cukudi, mutumin kudu mai shagon kayan babur, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu. Cukudi ya sunkuya ya shinshina taya, ya ɗago ya ce, "Baba, wa ya soya maka birki? Ƙuli-ƙuli kawai ya rage!" Sai da aka wanke faifan, aka yi odar sabon takalmin birki daga Kano. Da na tare Kawu da zancen man gyaɗata, ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Uwata, faɗi gaskiya, kukan bai daina ba?"

Amma wadda ta fi ba ni dariya, ta kuma fi ba ni tsoro, ita ce ta watan Agusta. Hadari ya rufe sama kwana da kwanaki, sola ba ta samu rana ba, Duna bai ƙoshi ba. Na ce Kawu ka haƙura da gona yau. Ya ce ciyawa ba ta san hadari ba. Can a gona batir ya mutu ɗif, kuma keken nan in ba wuta nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi. Wani maƙwabcinsa ya zo wucewa da amalanken shanu, ya ce, "Malam Habu, hau in kai ka." Kawu ya ce a'a, a dai ɗora Duna. Haka suka shigo gari: keke a kwance a kan amalanke an sa masa buhu ya yi matashi, tsoho a baya yana ɗingishi da sanda. Ni da na hango su, na ruga na tare su.

"Kawu, kashe kanka za ka yi? Ga wuri a amalanke!"

"Nasiru cewa ya yi in an ɗauko ni. Bai ce in an ɗauko Duna ba."

Gwiwoyin suka kumbura, ya yi kwanaki yana sallah a zaune. Amma duk sanda Nasiru ya kira a bidiyo, sai ya lallaɓa ya haye sirdi, ni in riƙe waya in kuma riƙe keken ta ƙasa kada su kife. Nasiru ya ce, "Baba, ya ƙafa?" Ya ce, "Wace ƙafa? Yanzu na dawo daga gona!" To Nasiru, yau dai ka ji.

Ranar ƙarshe kaka ce, ana yankan gero. Bayan azahar na ji ƙararrawa, kirrin, sau ɗaya kawai. Ya shigo da damin gero ɗaure a bayan Duna, ya ce ya ba ni geron, a madadin kuɗin ƙanƙarar da ya narkar mini. Ya zare firiza, ya jona jikan nawa, ni kuma na ɗebo masa ruwa, don na ga fuskarsa ta faɗa. Ya sha ruwa, ya ce zai je ya ɗan kishingiɗa. Da ƙafarsa ya taka zuwa zaurensa. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Da Nasiru ya iso, ido jawur, bai tambaye ni komai ba sai abu ɗaya: "Binta, ɗauko shi aka yi?" Na ce, "Wallahi da kansa ya dawo." Sai ya durƙusa a gaban keken ya fashe da kuka, fitilar caji kuwa ta riga ta koma kore, Duna ya ƙoshi ba mai hawa.

Sau ɗaya aka ɗauki Kawu Habu, a makara, kuma ba Kaduna aka nufa da shi ba, maƙabartar garinmu aka kai shi kusa da mahaifiyarsa. Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya sa ka tsallake siraɗi da saurin da ka wuce 'yan acaɓa. Man gyaɗata da ƙanƙarata duk na yafe, duniya da lahira. Amin.