Ranar da Anti Shara Ta Share Mai Faɗin Lokaci

A ofishinmu Anti Shara muke ce mata, kuma ba ta taɓa musu ba. Mai rubuta manhaja ce, teburinta na jikin taga, babu komai a kai sai kwamfuta da kofin shayi. Idan ta ga layin da ba ya aiki a manhaja, har ƙaiƙayi hannunta yake yi, sai ta share shi. Ni da nake maƙwabcinta ina sonta, amma ina ɓoye birona.

Manhajarmu tana tuna wa tsofaffi lokacin shan magani. Sassa-sassa aka gina ta, kamar gidan haya: wani sashe na riƙe da sunaye, wani na aika saƙo, kowa na aron wani abu wurin maƙwabcinsa.

Wata safiya sai mai aika saƙon ya ƙi tashi. Allo ya nuna akwai wanda yake jira, bai same shi ba. Wa? Oho. Ana cikin haka wayar Anti ta yi ƙara. Mahaifinta ne, shi ma yana cikin masu karɓar saƙon.

"'Yar nan, yau abin naku bai tuna min ba. Farin zan sha ko jan?"

Hankalinta ya tashi, don maganin hawan jini ba abin wasa ba ne. Ta ce ya sha farin, ta hau bin sassan ɗaya bayan ɗaya, tana duba wa kowanne ke nema. Jim kaɗan ta kira Baba, ya sha? Can ta sake kira, ya ci abinci?

Ashe wani ɗan sashe ne ya ɓace, aikinsa kawai faɗin ƙarfe nawa. Mai aika saƙon ba ya kiransa kai tsaye, ta hannun wani yake tambaya, shi ya sa da gani sai ka ce ba ya aikin komai.

"Wane mai ƙaramin tunani ne ya cire wannan?" in ji ta, da ƙarfi.

Muka duba tarihin gyara. Sunanta ne, jiya da yamma. Na danne dariya har da hawaye.

Ta mayar da shi, saƙonni suka tafi, ta kira Baba ta ce an gyara.

"Ya shigo," in ji shi. "Amma da kin bar shi a lalace. Rabon da in ji muryarki haka, har na manta."