Soɓorodon Malam

Jiya ɗiyata ta jefa kanwa cikin soɓorodo, jan ya koma kore, sai marigayi malaminmu na kimiyyar sinadarai, can Wurno, ya faɗo mini a rai. Makarantarmu ba ta da sinadarin da ke canza launi, don haka daga gida yake jiƙo soɓorodo. Kullum maganarsa ɗaya: "Ɗigo-ɗigo, ku rubuta abin da idonku ya gani."

Ranar gwaji na yi gaggawa, na kwarara asid cikin ruwan kanwa mai soɓorodo har ya yi jajir, na wuce inda ake tsayawa. Na leƙa littafin maƙwabcina na kwafe lambar yawan asid da ya rubuta. Malam ya ɗaga kwalbata wajen taga, sannan ya dubi littafina.

"Wagga lamba daidai ta," ya ce a hankali. "Amma kai, mi ka gani?"

Na sunkuyar da kai. Bai tona ni ba. Ya wanke kwalbar, ya zuba mini sauran soɓorodonsa, ya tsaya gefena har na sake.

Kullum ina cewa zan je in ba shi amsa, har ya rasu ban je ba. Allah Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.